Hawan Jini Da Ciwon Sukari Na Share Wa Gigin Tsufa Hanya

Daga Fataskum ta Jihar Yobe, garin da ya yi suna wajen kasuwar shanu, tireloli kan ɗauko dabbobi su nufo Ikko da Badun da Fatakwal. Da yawa daga cikin fatake da direbobi da dillalan da ke zaune a Kurmi can suka baro iyayensu. Labarin da ke tayar wa ɗan ci-rani hankali shi ne a bugo waya daga gida a ce tsoho ya fita ya kasa gane hanyar komowa, ko ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Wasu su ce gigin tsufa ne kawai, wasu su ce iska ko sammu.

Likitoci kuwa sun ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa tun mutum yana da ƙarfinsa ake shuka shi. Hawan jini da ciwon sukari da yawan kitse a jini suna lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini, sannu a hankali, ba tare da mai shi ya ji ko ciwon kai ba.

A Badun aka sami wata babbar shaida. Tun daga 1992 likitocin Jami'ar Badun da takwarorinsu na Amurka suka riƙa bin lafiyar tsofaffin Yarabawa da ta baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna ciwon mantuwa ya fi kama na Amurka nesa ba kusa ba, kuma su ne suka fi fama da hawan jini da sukari.

Ciwon mantuwa iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne na Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906. A cikinsa waɗansu sinadarai biyu, watau amiloyid da tawu, ke taruwa a ƙwaƙwalwa shekaru da dama kafin mantuwa ta fito fili. Yanzu ana iya ganin alamarsu a jini, har ma a 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da awon jini na farko na wannan ciwo.

Amma akwai tarko. Ciwon ƙoda, wanda hawan jini da sukari ke jawowa, yakan sa alamomin su hau a jini, ƙiba kuma takan sa su sauka. Bugu da ƙari, yawancin binciken a kan Turawa aka yi shi. Shi ya sa ake sa ido kan cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, kimanin kilomita 100 daga Fataskum, wadda aka buɗe a 2021 ƙarƙashin Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa, inda ake nazarin ciwon a kan mutanen gida.

Kafin wannan awo ya iso kowane asibiti, akwai mai araha. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa. Ciki har da hawan jini, sukari, ƙiba, taba da rashin motsa jiki.

Saboda haka magidancin da ya haura shekara 40 ya je a auna jininsa da sukarinsa. In awon ya yi ta kai 140 bisa 90, ya riƙe maganin likita, kada ya daina don ya ji sauƙi. Ya rage gishiri da lemon kwalba. In ya tashi aika kuɗi gida, ya ware na awon iyaye. Tsohon da ya riga ya rikice kuwa, asibiti za a kai shi, a kuma yi haƙuri da shi. Rigakafi dai ya fi magani.