Mota Mai Ɗaki a Kan Gangare: Me Ya Sa Ake Wahalar Daidaita Ta?

Duk wanda ya taɓa ziyartar sansanonin masu yawon hutu a Biritaniya lokacin bazara, ko a Faransa ko Jamus, da wuya bai ga wannan abu ba. Wata ƙatuwar mota ce za ta shigo fili, irin wadda aka gina wa ɗaki a baya, da gado da murhu da makewayi. Maimakon direba ya kashe inji ya huta, sai a ga ya matsa gaba kaɗan, ya koma baya kaɗan, matarsa kuwa tana tsaye a waje tana ɗaga masa hannu. Can sai a fito da wasu 'yan tudunnan roba a ajiye gaban taya, a hau, a sauko, a sake hawa. Baƙo zai ɗauka tsabar iyayi ne irin na mutanen da ba su da abin yi. To, ba haka ba ne. Abin da suke nema shi ne motar ta tsaya sak, kada ta karkata ko'ina, kuma akwai dalili mai ƙarfi da ya sa suke wannan wahala.

Da farko dai, ƙasar ce ba shimfiɗaɗɗiya ba. Wuraren da masu hutu suka fi so, kamar Wales da tsaunukan Sikotilan da yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, duk tudu ne da kwari. Manyan sansanoni sukan baje wurin tsayawa su zuba tsakuwa, amma wata doka ta 1960 ta ba ƙungiyoyin masu wannan yawo ikon amince wa manomi ya karɓi motoci har biyar a filinsa, kuma irin waɗannan filaye galibi makiyayar tumaki ce kawai, yadda Allah ya yi ta. Ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin, wadda aka kafa a 1907 da sunan Caravan Club, sai a 2017 ta ƙara sunan mota mai ɗaki a cikin sunanta, abin da ke nuna yawan da irin waɗannan motoci suka yi.

Wasu illolin karkata a fili suke. Mai a cikin kasko zai taru gefe guda, ƙwai ya bi shi. Ƙofar kabad za ta riƙa buɗe kanta. Ruwan wanka zai ƙi bin rariya, ya kwanta a kusurwar da ba ta da mafita. Wanda ya kwanta kansa na ƙasa ƙafafunsa na sama kuwa zai tashi da nauyin kai, shi ya sa in ba makawa sai an bar ɗan karkata, a kan bar shi ta yadda wajen matashin kai zai fi tsawo. Waɗannan duka ana iya haƙuri da su. Wanda ba ya haƙuri shi ne firiji.

Firijin da aka daɗe ana sa wa waɗannan motoci ba irin na gida ba ne mai inji yana gurnani. Ba shi da inji ko famfo, babu abin da ke juyawa a cikinsa. Da zafi yake yin sanyi, ko daga harshen wutar gas ko daga lantarki. Wasu ɗalibai biyu ne a birnin Stockholm na Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙago shi a 1922, kamfanin Electrolux kuma ya shiga sayar da shi daga 1925. Masu karatu da suka san firiji mai kananzir, wanda ake ajiye magungunan rigakafi a ciki a asibitocin ƙauye inda babu lantarki, to ɗan'uwansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ga yadda yake aiki. A bayansa akwai bututai a rufe ruf, cikinsu da ruwa da sinadarin amoniya da iskar haidurojin. Wuta tana dafa ruwan, amoniya ta tashi ta zama tururi, ta hau sama. A can iska ta huce ta, ta koma ruwa, ta gangaro cikin bututun da ke ratsa wurin ajiye abinci. Nan take haɗuwa da haidurojin ta sake zama tururi, kuma wajen yin haka ne take zuƙe zafin da ke cikin firijin. Daga nan ruwa ya sake shanye ta, su gangara tare zuwa tukunyar da suka fito, a sake sabon zagaye. Abin lura shi ne kalmar nan gangara. Tun da babu famfo, nauyin ruwan ne kaɗai ke kai shi ƙasa, kuma maƙera sun ɗan sunkuyar da bututan ne kaɗan, daidai yadda ruwa zai bi. In mota ta karkata fiye da wannan ɗan sunkuyo, bututun da ya kamata ya zama gangara sai ya zama hawa. Ruwa ya tsaya, zagaye ya yanke, wuta kuwa tana nan tana ci. Tukunya ta yi zafi fiye da kima, maganin hana tsatsa da aka zuba a ciki ya daskare ya zama tsakuwa, ya fara toshe siririn bututu. Wannan ɓarna ba ta warkewa, taruwa take yi sannu a hankali, har ranar da za a buɗe firiji a tarar madara ta yi tsami. A kan hanya babu wannan damuwa, domin girgizar tafiya ba ta barin ruwan ya kwanta wuri guda.

Nawa ne karkatar da firiji zai iya jurewa? Kamfanin Norcold na Amurka ya ƙayyade digiri 3 daga hagu zuwa dama, da digiri 6 daga gaba zuwa baya. Amma fa a nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin hagu da daman firijin ake nufi, ba na motar ba. Galibi a jikin bangon gefe ake kafa shi, yana fuskantar tsakiyar ɗaki, saboda haka hagu da damansa su ne gaba da bayan mota. Watau ƙa'idar da ta fi tsanani ta faɗa ne a kan tsawon motar, inda gyara ya fi wuya.

Ɗan lissafi zai nuna wuyar. Yawancin irin waɗannan motoci a Turai a kan ƙirar Fiat Ducato ake gina su, kuma tsakanin tayoyin gaba da na baya yakan kai wajen mita 4, tsakanin na hagu da na dama kuwa bai cika mita 2 ba. Karkatar digiri ɗaya a tsawon mita 4 tana bukatar a ɗaga taya kamar santimita 7. A faɗin mota kuwa santimita 3 da ɗan wani abu ta isa. In filin ya gangara da digiri 3, wanda ido ma ba ya cika ganewa, mai fuskantar gangaren sai ya ɗaga gabansa santimita 21, alhali tudun roba da ake sayarwa, mai hawa uku ko huɗu, da wuya ya kai haka. Wanda ya juya motarsa ta gitta gangaren kuwa, ƙasa da santimita 10 yake nema. Saboda haka a ganina rabin aikin ana gama shi ne tun kafin a taɓa tudun roba: a sauka, a taka filin da ƙafa, a duba inda ya fi kwanciya, a gwada juya mota. Da yawa daga cikin motocin nan ma gabansu ya ɗan fi bayansu sunkuyawa tun daga masana'anta, don haka fuskantar ɗan hawa kan gyara su ba tare da an sa kome ba.

Abin awon ba baƙo ba ne ga kowa, ma'aunin nan ne na magina mai ɗigon iska a cikin kwalba, wanda wani Bafaranshe, Melchisédech Thévenot, ya ƙago wajen 1661. Ana ɗora shi a ƙasan ɗaki ko a cikin firijin kansa, sau ɗaya a tsawon mota, sau ɗaya a faɗinta. Ɗigon iskan yakan gudu wajen da ya fi tsawo, don haka ɗaya gefen ake ɗagawa. Wayoyin hannu na yanzu suna yin wannan awo, kofi cike da ruwa ma yana yi. In kusurwa ɗaya ce ta faɗa, taya ɗaya za a ɗaga. In gefe ne, biyun da ke gefen. A hau a giya ta ɗaya, a hankali, da mutum a waje yana kallon tayar, domin wanda ya zarce ƙarshen tudun zai faɗo ta gaba, tudun kuma ya iya tashi ya bugi ƙarƙashin mota. Da an kai, a ja birkin hannu, a bar ta cikin giya, a sa weji bayan taya kamar yadda kowane yaron mota ya sani. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa a shimfiɗa katako ƙarƙashi, in ba haka ba motar da ta kai tan uku da rabi za ta nutsar da tudun cikin laka kafin gari ya waye.

Masu hali sukan sa ƙafafun ƙarfe huɗu masu aiki da matsin mai, a danna maɓalli su sauko su daidaita mota da kansu. Sun rage wahala ƙwarai, amma suna da nasu tarkon. Birkin hannu tayoyin baya yake riƙewa. In ƙafafun suka ɗaga baya har tayoyin suka bar ƙasa a kan gangare, babu sauran birki, mota tana iya zamewa daga kan ƙafafun da mutane a ciki. Haka kuma 'yan siraran ƙafafun da ake murɗawa a kusurwoyin baya na wasu motoci ba jak ba ne. An yi su ne don hana ɗaki rawa in ana tafiya a ciki, kuma wanda ya nemi ɗaga mota da su lanƙwasa su zai yi.

A 'yan shekarun nan sababbin motoci da dama sun koma ga firiji mai inji, wanda batir da farantin hasken rana ke ciyarwa, kuma shi bai damu da ɗan karkata ba. Masu irinsa sun huta da fargabar toshewar bututu. Sai dai ruwan wanka har yanzu gangara yake bi, saboda haka su ma ba su bar tudun robansu a gida ba.