Ranar da gas ya tashi a Lafiya

Ranar Litinin, 10 ga Satumba, 2018, wata tankar iskar gas tana sauke kaya a wani gidan mai cikin garin Lafiya, babban birnin jihar Nasarawa, sai gas ya fara tsiyaya. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya ɓalle, ƙasa yake bi, ya kwanta a kan titi, ya shige kwata, ya yi ta rarrafe har ya gamu da tartsatsi. Ga titi cike da motoci da babura. Da wuta ta kama, sai ta haɗa da masu wucewa da ababen hawansu.

Aka yi ta kwasar waɗanda suka ƙone zuwa Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf, wasu kuma aka wuce da su Abuja. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar ta shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa mutum 35 sun rasu, fiye da 100 sun jikkata. Allah ya jiƙansu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da wani jami'in hukumar ya ƙara: akasarin waɗanda suka rasu mutane ne da suka ruga wurin don su ga abin da ke faruwa.

Wato da yawansu suna nesa, a inda wuta ba za ta same su ba, suka kai kansu. Mun san halinmu da ganin ƙwaf. Sai dai ban yarda a ce duk mai rugawa wurin gobara ɗan kallo ba ne. Uwar da ta aiki ɗanta kasuwa ta ji ƙara, ina za ta iya zama? Ita tana kutsawa nemansa, shi kuwa wataƙila ya riga ya tsere ta wani lungu. Rashin sanin inda naka yake shi ke jan mutum cikin halaka.

Shekara shida bayan haka, a irin wannan rana ta 10 ga Satumba, ruwan dam ɗin Alau ya mamaye Maiduguri cikin dare, iyaye da dama suka rabu da 'ya'yansu a wajen gudu.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Maigida ya sanya wa iyalinsa wurin haɗuwa tun ana zaune lafiya, ko ƙofar masallacin Juma'a ko gidan kawu a wata unguwa, kowa ya san can za a neme shi. In gudu ya kama, a goya jariri, kowane babba ya riƙe hannun yaro guda, kada a saki. Da dare a kunna tocila. Yaron da ya iya magana ya haddace cikakken sunan babansa da lambar wayarsa. In kuwa warin gas aka ji, kada a tayar da babur ko a ƙyasta ashana. A nufi ɓangaren da iska ke fitowa, a hau tudu.

Don Allah iyaye, yau bayan sallar isha'i ku tara yaranku ku faɗa musu inda za ku haɗu.