Ɗaukar Hoton Baƙar Beyar a Dazuzzukan Amurka

A cikin namun dajin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya watsa a bayan ƙasa, akwai wadda ba mu da ita a dazuzzukanmu, sai dai labarinta da almajiran ilimi kan tarar a littattafan Larabci da sunan dubbu, watau beyar. Kuma daga cikin jinsunanta babu wadda mutane suka fi yawan arba da ita, suka kuma fi kwaɗayin ɗaukar hotonta, kamar baƙar beyar ta Amurka ta Arewa, wadda mazauninta ya tashi tun daga Alaska da Kanada, ya ratsa ƙasar Amurka har ya taɓo arewacin Meksiko. Dabba ce mai kauri da gajeriyar wutsiya, ƙasaitaccen namijinta yakan haura kilo 100, wani ma har ya ninka haka, amma duk da wannan jiki tana hawan itace cikin sauƙi, in kuwa ta zura da gudu takan kusanci kilomita 50 a sa'a guda. Ba kowacce ce baƙa ba ko da yake sunan ya bi su duka: a yammacin ƙasar akan sami ja-ja da masu ruwan ƙasa, a gaɓar tekun British Columbia ta Kanada kuwa har farare ƙal akwai, waɗanda ake kira Kermode.

Wani abin da ya daɗa cusa son wannan dabba a zukatan jama'a ya faru ne a shekarar 1902, sa'ad da shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya fita farauta a jihar Mississippi, 'yan rakiyarsa suka kama wata beyar suka ɗaure ta a gindin itace domin ya harba, shi kuwa ya ƙi, don yana ganin harbin ɗaurarriyar dabba ba jarunta ba ce. Da labarin ya bazu a jaridu sai 'yan kasuwa suka shiga ɗinka 'yar tsana mai siffar beyar suka laƙaba mata laƙabinsa, Teddy, wadda yau har 'ya'yanmu suke runguma su yi barci. A ganina wannan 'yar tsana ta jawo wa mai asalin siffar wahala ba kaɗan ba, gama wanda ya tashi yana rungumar beyar ta auduga da wuya ya ji tsoron ta daji gwargwadon yadda ya kamata.

Wanda ya ƙudurta niyyar ɗaukar hotonta, wajibi ne ya fara da sanin lokutanta kafin ya san kyamararsa. Da hunturu tana kwance a kogon itace ko ramin ƙasa wata da watanni, ba ci ba sha, kuma a cikin wannan kwanciya ne, wajen Janairu ko Fabrairu, macen take haihuwar 'ya'ya waɗanda kowannensu bai cika rabin kilo ba. Su ne za su fito tare da ita da bazara, su bi ta har kusan shekara ɗaya da rabi. Galibin abincinta tsiro ne, da 'ya'yan itatuwa da ƙwayoyinsu, da ƙwari, sai nama jefi-jefi. Da kaka ci yake kama ta, ta wuni ta kwana tana tara kitsen da za ta yi jimirin sanyi da shi, don haka mai hoto da ya san inda itatuwa suka nuna ya san inda zai zauna. Gandun dajin Great Smoky Mountains, wanda ke kan iyakar jihohin Tennessee da North Carolina, aka kuma kafa shi a 1934, yana cikin wuraren da suka shahara da wannan sha'ani, musamman kwarin Cades Cove, inda akan ga dabbar da hantsi bai ɗaga ba ko kuwa da la'asar sakaliya tana kiwo a bakin kurmi.

To, nan ne baƙin gashinta yake zama jarrabawa ga ma'abota sana'ar. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya haskensa da duhunsa, zai tashi toka-toka. Saboda haka idan baƙar dabba ta cika fuskar hoton sai na'urar ta ɗauka duhu ne ya yi yawa, ta ƙara haske, beyar ta fito fari-fari kamar an bulbule ta da toka, ciyawar da ke kewaye da ita kuwa ta ƙone da haske. Idan kuma dabbar tana can nesa a tsakiyar fili mai rana, sai al'amarin ya juye: ciyawa ta fito sarai, ita kuwa ta zama dunƙulen baƙi ba ido ba hanci. Gwanaye ba sa sakar wa na'ura wannan hukunci. Da hannunsu suke rage haske ko su ƙara, su duba, su sake. Sun fi son ranar da gajimare ya rufe sama, domin a lallausan haske ne ake ganin kwanciyar gashin ɗaya bayan ɗaya, da ruwan ƙasan da ke kewaye da hancinta, da raɓar da ta maƙale a kafaɗarta. Idanunta ƙanana ne, baƙaƙe a cikin baƙar fuska, har mai hoto yakan daɗe da yatsa a kan maɓalli yana jiran ta ɗaga kai ɗigon haske ya faɗa cikin ƙwayar idon, gama in babu wannan ɗigo hoton ba shi da rai. Ga kuma ƙarancin haske a ƙarƙashin kurmi da asuba, wanda ke tilasta a ɗora kyamara bisa matokari mai ƙafa uku don kada hannu ya yi rawa.

Maganar tazara kuwa doka ta riga ta yanke ta. A Smoky haramun ne mutum ya kusanci beyar da gangan ƙasa da yadi 50, a gandun Yellowstone kuwa yadi 100 ne, shi ya sa masu sana'ar ke ɗaukar dogon madubi mai jawo nesa kusa, na milimita 400 zuwa 600, sau da yawa ma daga cikin mota suke aikinsu. Ma'aikatan gandun suna da wani mizani da ya fi awon yadi inganci: muddin dabbar ta daina abin da take yi saboda kai, to ka matso fiye da kima. In ta fara huci, tana kaɗa haƙora, tana dukan ƙasa da dagi, ko ta yo kanka ta tsaya cak, neman sarari take yi. Sai ka ja da baya sannu a hankali kana fuskantarta, kada ka kuskura ka ruga. Akan riƙe gwangwanin feshin barkono saboda tsaro. Kisan mutum daga baƙar beyar abu ne nadiri ƙwarai, amma idan ta kai ga farmaki na haƙiƙa, shawarar masana ita ce a yi faɗa da ita da duk abin da hannu ya samu; kwanciya kamar matacce dabara ce ta gamuwa da babbar 'yar'uwarta girizili.

Hatsarin da ya fi yawa, alhali an fi mantawa da shi, a kan dabbar yake. A Yellowstone an yi zamanin da baƙi ke miƙa wa beyar abinci ta tagar mota don su sami hoto, har aka taɓa kafa benci a kusa da juji domin 'yan kallo. Daga 1931 zuwa 1969 kimanin mutum 48 ne suke jin rauni kowace shekara, sai a 1970 hukuma ta tsananta hana ciyarwa ta shiga rufe jujin. Duk wanda ya kwana a sansanin Wikki na Yankari ya ga yadda gwaggon biri ke fizge abinci a hannun baƙo ya fahimci yadda sabo yake cire wa naman daji kunya. Bambancin shi ne beyar da ta saba da abincin mutane takan fara bin tantuna da gidaje, daga nan a ɗauke ta a kai wani daji, in ta dawo kuwa sau da yawa hukuncinta kisa ne. Mai hoton da ya ajiye mata tarkon abinci domin ta matso ya tafi gida da hotonsa, ita aka bari da alhakin abin da ba ta aikata ba, kuma ban ga sunan da ya dace da wannan ba face zalunci. A 2024 ma an ga wasu mutane a garin Asheville suna fizgo 'ya'yan beyar daga kan itace don su ɗauki hoto da wayar hannu.

Akwai kuma hanyar da mai hoto ba ya ma kasancewa a wurin. Wani Ba'amurke, George Shiras na Uku, shi ya yi fice da ita tun ƙarshen ƙarni na 19 a dazuzzukan Michigan, inda yakan ja siririyar igiya a kan turbar namun daji, dabba ta taɓa ta da dare, garin walƙiya ya tashi, ta ɗauki hoton kanta. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowarta ta Yulin 1906. A yau an maye gurbin igiyar da na'ura mai jin motsi da ɗumin jiki, a ɗaure ta a kututture a tafi makonni, kuma masu bincike da ita suke lura da zirga-zirgar dabbar. Sai dai tilas a kulle ta cikin akwatin ƙarfe, domin beyar, saboda ƙarfin hancinta da yawan bin diddiginta, takan shinshino warin hannun mutum a jikin kyamarar, ta ciro ta daga itacen ta tattauna.