Tauye Mudu A Cikin Fassara: Labarin Littafin Hitila

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, malaman Kangire da Birnin Kudu sun san cewa littafin da aka kwafa da hannu ba a dogara da shi sai an yi muƙabalarsa da asalinsa. Fataken kasuwar Gwaram kuma sun san mudu biyu kan yi kama a ido, amma su saɓa wajen awo. To, haka fassara take, kuma labarin littafin Hitila, shugaban Jamus, ya isa misali.

Hitila ya fara wallafa littafin nan a kurkuku cikin 1924, ya sa masa suna Mein Kampf, watau Gwagwarmayata. Juzu'i na farko ya fito 1925, na biyu 1926. A ciki ya bayyana ƙiyayyarsa ga Yahudawa, da nufinsa na cinye ƙasashen gabas har Rasha. Ya kira Faransa babbar abokiyar gaba. Ya ƙasƙanta baƙar fata, yana ba'a ga masu koya musu aikin lauya ko malanta.

Amma sauran al'ummai ba haka suka fara jinsa ba. Fassarar Ingilishi ta farko, wadda Dugdale ya yi, ta fito a Landan 1933, an yanke sashe mai yawa, an rage dafin magana. Cikakkiyar fassara ba ta samu ba sai 1939, shekarar da yaƙi ya tashi.

A Faransa wani maɗaba'i ya buga littafin duka cikin 1934 ba da izini ba, don mutanensa su farka. Masu buga wa Hitila littattafai suka kai ƙara, kotu ta hana sayarwa. Cikin 1938 aka fitar da wani da yardarsu, an tace zagin Faransa. Shekara biyu bayan haka sojan Jamus suka shiga Faris.

Da Larabci kuwa, wata jaridar Bagadaza ta buga yankunansa cikin 1934. Jakadan Jamus a can, Fritz Grobba, ya ba da shawara a gyara wuraren da za su ɓata wa Larabawa rai, domin littafin bai ɗauke su da daraja ba. Fassarar da ta fi yaɗuwa, mai suna Kifahi, Luwis al-Haj ya yi ta a Bairut 1963.

Ƙarshen al'amari sananne ne. An hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, yaƙi ya ci duniya har 1945, ya kwashi samarin Arewa zuwa Habasha da Bama. Cikin 2016 masana a Munik suka sake buga littafin da sharhi wajen 3,500, suna warware ƙaryarsa wuri wuri, kamar yadda hashiya ke kewaye matani.

Saboda haka duk wanda fassara ta zo hannunsa, ya kamata ya tambayi abu uku: wa ya fassara, wa ya biya kuɗin bugu, me aka bari a baya. In ya sami ta biyu, ya jera su, domin inda suka saɓa nan ake gane hannun mai awo. Allah ya tsare mu daga sharrin azzalumai, amin. Wassalam.