Idan An Kama Ka a Yawunde Ba Ka da Kuɗin Lauya

Jama'a masu saurare, musamman ku da ke sauke shanu da kaya a Yawunde kuna kwana wajen 'yan'uwa a unguwar Briqueterie, ku kasa kunne. Talaka ma yana da haƙƙin lauya a Kamaru, amma ba a kowace shari'a ake ba shi kai tsaye ba.

Dokar shari'ar laifuka ta 27 ga Yuli 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta ce idan laifin da ake tuhumarka da shi hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin rai da rai, kuma ba ka da lauya, dole alƙali ya naɗa maka. Da Faransanci ana ce masa "avocat commis d'office". Hukuma ke biyansa, ba kai ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 shi ma ba a barinsa gaban kotu ba mai tsaya masa.

To, sauran ƙararraki fa, kamar rikicin bashi da ya rikiɗe ya zama zargin zamba, ko saniyar da aka ce ta sata ce ka saya? A nan sai ka nema da bakinka. Dokar 14 ga Afrilu 2009 ta kafa kwamitin agajin shari'a a kotuna. Kana iya kai buƙatarka a rubuce ko da baki wajen sakataren kwamitin, tare da takardar shaidar rashin hali daga magajin gari. Mazauna Briqueterie suna ƙarƙashin Yawunde ta Biyu.

Tun daga ofishin 'yan sanda ko jandarma haƙƙinka yake farawa. Wajibi ne su sanar da kai cewa kana iya yin shiru, kana iya neman lauya. Tsarewar farko awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya. Abin da ya wuce haka sai da izinin mai gabatar da ƙara a rubuce. A kotu kuma, in ba ka jin Faransanci ko Ingilishi, ka nemi tafinta. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a fassara maka ba.

Gaskiya ladan waɗannan lauyoyi kaɗan ne, aiki kuma ya yi musu yawa. Saboda haka dangi kada ku naɗe hannu. Ku kai wa lauya takardar cinikin dabba, rasit na kwastan da sunayen shaidu tun kafin ranar zama. Mutum na iya daɗewa a kurkukun Kondengi yana jiran shari'a, don kawai ba mai bin takardunsa.

Allah ya kiyaye hanya.