Yadda Gwamnatin Gana Take Auna Aikin Ma'aikatanta

 

Ya 'yan'uwa, 'ya'yanmu na zango da yawa sun shiga aikin gwamnati, wasu a asibiti, wasu a makaranta, wasu cikin 'yan sanda. Tambayar da iyaye suke yawan yi ita ce: me ya sa ɗana da ɗan maƙwabcina karatunsu ɗaya, amma albashinsu ya bambanta? Amsar tana cikin tsarin albashin bai-ɗaya, wanda ma'anar sunansa da Turanci ita ce ƙashin baya guda. Ya fara aiki a watan Janairu 2010, zamanin shugaba Atta Mills, ƙarƙashin Hukumar Daidaita Albashi da aka kafa da doka ta 737 a shekarar 2007.

Kafin nan kowace ma'aikata da nata jadawali. Direba a wannan ofishi zai iya ɗaukar fiye da direban ofishin da ke tsallaken titi, alhali mota iri ɗaya suke ja. Wannan ya saɓa wa sashe na 24 na tsarin mulkin 1992, wanda ya ce aiki iri ɗaya ladansa ɗaya.

Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne: kujera ake aunawa, ba mai zama a kanta ba. Da farko ana rubuta bayanin aikin: me mai wannan kujera yake yi kullum, wa yake ba shi umarni, su wa ke ƙarƙashinsa, wane ilimi ake buƙata kafin a ɗauke shi. Malamanmu sun san irin wannan tuntuni. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan hijira, ya bambance a cikin Ahkamus Sulɗaniyya tsakanin wazirin da aka danƙa wa yanke shawara da wazirin da aikinsa zartarwa ne kawai, ya kuma tsaurara sharuɗɗan na farko saboda nauyin da ke kansa.

Bayan bayani sai awo. Ana duba abubuwa huɗu: ilimi da ƙwarewa, alhakin da ke wuyan ma'aikaci, wahalar jiki da ta tunani, da yanayin wurin aiki. Kowanne ana ba shi maki, a tara. Ɗauki ungozoma a ƙauye da akawu a Akara. Wataƙila shekarun karatunsu ba su da nisa, amma ita rayuka biyu ne a hannunta, tana kwana a tsaye, tana taɓa jini. Shi kuma kuɗin jama'a ne a hannunsa, kuskurensa zai iya jawo asarar miliyoyin sidi. Jimillar makin ita ke nuna matakin da aikin zai zauna cikin matakai 25. A cikin kowane mataki akwai ƙananan hawa, tsakanin hawa da hawa kashi 1.7 cikin 100 ne, ma'aikaci yana taka su da shekarun aiki. Don haka wanda ya ƙaro digiri amma yana nan a kujerarsa ta da, kada ya ɗauka takardar kaɗai za ta ɗaga shi; sai ya sami ƙarin girma ko ya koma aikin da ke neman wannan digirin.

Shin tsarin ya kawo adalci? A ganina ya gyara wani ɓangare. 'Yan sanda, waɗanda aka fara shigarwa a 2010, sun ga ƙari mai yawa. Amma malaman makaranta sun fito zanga-zanga a watan Maris 2011, likitoci kuma suka tafi yajin aiki a watan Oktoba na wannan shekarar, kowa yana cewa an tauye awonsa. Sai aka buɗe ƙofar ƙarin kuɗi ga masu ƙwarewar da ta yi ƙaranci a kasuwa, ƙungiyoyi kuwa suka yi ta tururuwa a bakinta. Bambancin da aka kora daga albashi ya dawo ta hanyar alawus. Kuɗin albashi ya kumbura, giɓin kasafin 2012 ya kai kusan kashi 12 cikin 100 na arzikin ƙasa, a 2015 Gana ta koma wajen Asusun Lamuni na Duniya.

Akwai kuma waɗanda ma'aunin bai hau kansu ba: shugaban ƙasa, ministoci, 'yan majalisa da manyan alƙalai. Sashe na 71 ya ware su, kwamiti na musamman ke ba da shawarar abin da za a biya su. Wannan shi ya fi ci wa ƙananan ma'aikata tuwo a ƙwarya, kuma ban ga laifinsu ba.

Duk wanda ya karɓi takardar ɗaukar aiki, ya nemi rubutaccen bayanin aikinsa, ya duba mataki da hawan da aka rubuta masa, ya gwada da takardar albashinsa ta wata. Idan ya ga saɓani, ya kai ga ofishin kula da ma'aikata ko ƙungiyarsu tun da wuri, domin gyaran kuskuren da ya shekara yana da wuya. Wallahu a'alam.