Maganin Zinare na Ciwon Daji: Ina Aka Kwana?

Kwanakin baya wani dattijonmu na zango ya same ni a shagon magani da takardun asibitin maiɗakinsa, wadda aka gano tana da sankarar mama. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, an ce a Masar ɗin nan ana warkar da daji da zinare. Nawa ne kuɗin?" Shi ne mutum na uku da ya yi mini wannan tambaya a bana.

Maganar tana da tushe. Farfesa Mustafa El-Sayed, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ain Shams kafin ya koma Amurka, ya yi shekaru yana bincike kan ƙwayoyin zinare ƙanana da ake aunawa da nanomita. Mita ɗaya nanomita biliyan ɗaya ce, kaurin silin gashi kuwa ya kai nanomita dubu 80. Ana shigar da ƙwayoyin cikin ƙarin, a haska musu wani irin haske na leza, sai su ɗauki zafi su ƙone ƙwayoyin cutar. Cibiyar Bincike ta Ƙasa da ke Dokki ta gwada hanyar a kan karnuka da kyanwoyi masu ƙarin mama, kuma sakamakon ya ba da ƙwarin gwiwa. Amma gwaji a kan dabba daban, maganin da likita zai rubuta wa mutum daban. Har yau wannan bincike ne, babu shi a kantin magani.

Abin da ke hannu tuni shi ne magani irin Doxil, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, a wasu ƙasashe ana kiransa Caelyx. Tsohon maganin kemo ne, wato "kimawi" a bakin Misirawa, aka naɗe shi cikin ƙunshin maiƙo mai faɗin kusan nanomita 100. Hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙari suna yoyo kamar tsohuwar randa, don haka ƙunshin ya fi taruwa a can. Amfaninsa babba shi ne ya fi sauƙi ga zuciya, zubar gashi ma ta ragu. Yana da nasa wahalar: tafin hannu da na ƙafa kan yi ja su yi raɗaɗi, ga tsada.

Kalmar "kai tsaye" da ake tallata shi da ita ce ba ta kwanta mini ba. Wani nazari daga Jami'ar Toronto a 2016 ya nuna cewa a gwajin dabbobi, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin da aka yi allura ne ke isa ƙarin. Mai yawa hanta da saifa ne ke tsare su. Ruwan zinare na sha da ake sayarwa a Facebook kuwa ba shi da alaƙa da aikin El-Sayed ko kaɗan.

Na ce wa dattijon, "Baba, kada a jira zinare. Sankarar mama da aka kama da wuri ana samun nasara a kanta da tiyata da kemo da gashin haske." Na rubuta masa tambayoyi uku da zai yi wa likita: matakin da cutar take, ko zuciyar Hajiya za ta ɗauki kemon, da ko irin na ƙunshin maiƙo ya dace da ita. Washegari da safe ɗansa ya kai ta Cibiyar Ciwon Daji ta Jami'ar Alƙahira.